Filin Tambaya da Amsa: Na bar tuwo don in rage teɓa, yanzu ƙafa ta ƙi gudu

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan abu ɗaya suke, wato abinci da dogon gudu, shi yasa na haɗa guda 4 wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci, ya aiki ya kuma sanyin Jos. Dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan kasuwa ne a Anguwan Rogo, shekarata 34, nauyina kilo 84 kuma inaso in dawo 75 kafin gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu don nayi niyyar shiga in Allah ya kaimu, saura wata 4 kenan. Ina fita gudu sau 5 a sati bayan sallar asuba. Wani abokina yace in dai inaso tumbi ya sauka to in yanke tuwo da shinkafa da burodi da dankali gaba ɗaya in koma ƙwai da nama da kabeji, wai kito ake ce ma tsarin. Satin farko sikeli ya nuna na sauke kilo 2 da rabi naji daɗi sosai, amma daga nan ya tsaya cak, yau sati 3 kenan. Kuma ƙafata tayi nauyi kamar an ɗaura mata bulo, ran Lahadi na ɗau hanyar Bukuru daga Terminus ina kaiwa wajen Daɗin Kowa jiri ya kwashe ni, sai keke na hau na dawo gida. Ga saurin fushi har maiɗakina ta fara ƙorafi. Shin in daure jiki zai saba ko akwai inda nayi kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko Alhamdulillah da ka hau keken nan baka dage ba, jiri a bakin titi irin wannan mai motoci ba abin wasa bane. Sannan yau ɗin nan ba gobe ba ka ce a tuƙa maka tuwo.

Bari in faɗa maka inda kilo 2 da rabin nan ya tafi, don nasan shi ne ya ruɗe ka. Duk abinci mai sitaci da ka ci, tuwo ne, shinkafa ce, doya ce, jiki yana narkar da shi ya koma suga, wanda bai ƙone ba a lokacin sai ya adana shi a tsoka da hanta, masana suna ce masa gilaikojin. Babban mutum yana iya ajiye kamar giram 400 a tsoka da kamar giram 100 a hanta, kuma ko wane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. To yi lissafi da kanka tunda ɗan kasuwa ne kai, rabin kilo na ajiyar suga da kilo 1 da rabi na ruwa, kilo 2 kenan cif. Da ka daina cin tuwo kana ta gudu sai rumbun ya zama wayam, ruwan ya bi fitsari da zufa ya fita, sikeli ya sauka kai kuma kana murna kitse ya narke alhali kitsen na nan kusan inda ka barshi. Kuma in gaya maka tun yanzu kar hankalinka ya tashi, kana dawowa cin tuwo cikin kwana 2 ko 3 sikelin zai sake hawa da kusan wannan adadin. Ba ƙiba bace, mai ne ya dawo tanki.

Ka taɓa lura da murhu? Kitsen jiki kamar gungumen itace ne, yana daɗewa yana ci amma a hankali yake ba da wuta, shi kuma sitaci kamar ƙirare ne ko kara, nan da nan ya kama bal-bal. In kana tafiya ko sassarfa a hankali gungumen ya isheka. Amma da zaran ka ƙara sauri ko ka fara hawan tudu, kuma ka san garin nan duk inda ka juya tudu ne, to jiki ƙirare yake nema, in babu sai ƙafa ta mutu. Ƙwaƙwalwa ma da suga take aiki, jirin nan da fushin da uwargida take gani duk daga nan suke. Ai Bahaushe ya gama magana da yace da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Maganar jiki zai saba kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba yadda abokinka ya ɗauka ba. An gwada abin nan. A 2017 wata masaniyar abincin 'yan wasa a Ostireliya, Louise Burke, ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon binciken da suka yi da ƙwararrun 'yan gasar tafiyar sauri, wasu aka basu sitaci isasshe wasu aka sa su kan kito na sati 3 ƙasa da giram 50 a rana, duk suna tirenin iri ɗaya. 'Yan kiton tabbas jikinsu ya koyi ƙona kitse sosai, amma sai ya zamana suna buƙatar iskar numfashi fiye da da kafin su riƙe sauri iri ɗaya, da aka sake gwada su a kilomita 10 masu cin sitaci sun rage lokaci su kuwa basu rage ba. Ka duba kuma mutanen da suke cinye gasar nan ta Legas tun da aka fara ta a 2016, mafi yawa 'yan Kenya ne da Habasha. Me suke ci? 'Yan Kenya ugali, wanda tuwon masara ne ba wani abu ba, da wake da ganye da shayi mai madara da suga, wani bincike da aka yi a kansu a 2004 ya samu kashi 76 cikin 100 na ƙarfin abincinsu daga sitaci yake. Habashawa kuma injera suke ci da ake yi da wata 'yar ƙwaya mai kama da accar mu. Yaran Pankshin da sauran 'yan Filato da suke zuwa gaba cikin 'yan Najeriya a irin wannan gasa su ma ba da kabeji zalla suka tashi ba, gwate ne da tuwon acca da dankali. Abin yana damuna wallahi, muna zaune a garin da Allah ya hore ma acca da dankalin turawa na Bokkos da Mangu da kayan lambu a Farin Gada, ga tudu mai tsayin mita 1,200 da wasu ke biyan kuɗi su je irinsa tirenin, amma wani bidiyon minti 2 a waya ya sa mutum ya tsorata da abincin gidansu.

To yanzu ya za'ayi, tunda teɓar ma kana so ta sauka kuma kana da gaskiya, ɗaukar kilo 84 tsawon kilomita 42 aiki ne. Abin da nake sa yarana su yi shi ne tuwo ya bi aiki. Ranar aiki mai yawa aci da yawa, ranar hutu a rage. Ƙa'idar da masana abincin 'yan wasa suke bi ita ce ranar da motsin ba yawa giram 3 zuwa 5 na sitaci kan ko wane kilo na nauyinka, ranar gudun kamar awa 1 giram 5 zuwa 7, ranar da ka haura haka har awa 2 ko 3 giram 6 zuwa 10. A jikinka wannan ya kama daga kamar giram 250 ranar hutu, 420 ranar gudu na yau da kullum, 500 ko fiye ranar Lahadi, na ɗauki ƙasan lissafin ne saboda kana son ragewa. Don ka gane girman abin, dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da sitaci kamar giram 28, ayaba madaidaiciya kamar 25. Nasan ba zaka riƙa yawo da ma'auni a shago ba, don haka ka duba faranti kawai. Ranar hutu tuwo ko shinkafa su ci kwata na farantin, rabi ganye da kayan lambu, sauran kwatan wake ko kifi ko nama. Ranar gudu na tsaka-tsaki sitaci ya ci kashi 1 cikin 3. Daren Asabar da ranar Lahadi ta dogon gudu kuwa rabin faranti, kaci ka ƙoshi ba tare da jin kayi laifi ba.

Inda zaka yanka ba tuwo bane, mai ne da lemun kwalba. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), na mai kalori 9, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne kuma baya cika ciki. Ka tuna man da masa take sha a tanda, da ƙosai da fanke da soyayyen dankali da wanda yake yawo a saman miya, da Indomie da ƙwai 3 na wajen mai shayi ƙarfe 10 na dare. Robar lemu ta 50cl suga kusan giram 50 ne a ciki wato kalori 200. In ka bar roba 1 ka rage cokali 2 na mai a rana ka riga ka cire sama da kalori 400 baka taɓa malmala ko ɗaya ba, kuma abin da ake nema kenan, giɓin kalori 300 zuwa 500 a rana. Kilo 1 na kitse kusan kalori 7,700 ne, kaga kenan abin da zai sauka a sati bai wuce rabin kilo ba, in ya fi haka sosai to tsoka ce ta fara tafiya kuma da ita zaka yi gudun.

Shi yasa abinci mai gina jiki ya zama dole, giram 1.2 zuwa 2 kan ko wane kilo, kai ka nemi aƙalla 120 a rana a rarrabe cikin cin abinci 3 ko 4. Ƙwai 1 giram 6 ne kawai don haka kar ka dogara da shi kaɗai, ga wake, awara wadda aka dafa a miya ba soyayya ba, alale, kindirmo, busasshen kifi, kilishi in aljihu ya yarda. Bayan dogon gudu ni ban ga abin da ya kai fura da nono ba, gero ya maida abin da ka ƙona nono ya gyara tsoka ga ruwa ga araha, suga kawai zaka sassauta.

Sai maganar da ba zaka so ji ba. 75 ba zata samu kafin Fabrairu ba ta hanyar lafiya, kar ma ka sa rai. Kayi ragewar nan da wata 2 da rabi zuwa 3, in ka dace zaka tsaya wajen 78 ko 79, sannan sati 3 zuwa 4 na ƙarshe ka daina rage komai. Kwana 2 kafin gasa ma ƙara sitaci ake yi sosai a rage mai da ganye, don mutum yana ƙona kusan kalori 1 kan ko wane kilo a ko wane kilomita, kai naka zai kai wajen 3,500 alhali rumbun da ya cika maƙil bai wuce 2,000 ba, shi yasa kake ganin mutane suna zubewa daga kilomita 30 zuwa sama. Ga zafin Legas da gumi wanda ɗan Jos bai saba ba. Sauran kilo 3 ko 4 ɗin ka bari sai ka dawo. Ka gaida maiɗakin naka, ka bata haƙuri kuma.

TAMBAYA: Salam Koci ina wuni. Ni ɗaliba ce shekarata 19 ina gudun mita 5,000 da 10,000 muna tirenin a nan Jos safe da yamma. Wanda yake koya mana yace nayi nauyi in na rage kilo 4 zan fi sauri, to na daina cin abincin dare da rana ma kaɗan nake ci. Na rage kam amma yanzu wata 4 banga al'adata ba kuma ban da aure babu zancen ciki, ƙashin ƙwaurina yana min zafi wuri ɗaya ko tafiya nake, kullum ina jin sanyi. Ƙawata tace haka ake yi duk mai gudu sosai tana ɗaukewa. Kunya ta hana ni gaya ma Mama.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya miki albarka da kika daure kika rubuto. Saƙonki shi ya fi tsaya min a rai cikin duka. Abin da ƙawarki ta faɗa ba daidai bane, yana faruwa da 'yan mata masu gudu da yawa amma yawan faruwarsa bai maida shi lafiya ba. Jikinki ne ya ga abin da yake shiga bai kai abin da yake fita ba, sai ya fara kashe wasu ayyuka don ya tsira kamar gidan da wuta tayi ƙasa aka kashe firij da fanka aka bar ƙwan fitila ɗaya. Al'ada tana cikin na farko da yake kashewa, sanyin da kike ji ma duk shi ne. Kwamitin Olamfik na duniya ya ba matsalar suna RED-S tun 2014, kuma ba mata kaɗai take kamawa ba har maza.

Inda haɗarin yake shi ne ƙashi. In al'ada ta ɗauke sinadarin estirojin yana yin ƙasa, kuma shi ne yake kare ƙashin mace, ke kuma yanzu ne shekarun da ƙashinki yake tara ƙarfin da zaki rayu da shi har tsufa, abin da aka rasa a wannan lokacin ba lallai ya dawo duka ba. Zafin nan na wuri ɗaya a ƙwauri yana iya zama tsagewar ƙashi irin wadda yawan gudu yake kawowa. Akwai wata 'yar gudu 'yar Amurka Mary Cain, tana yarinya babu kamarta a sa'anninta, a 2019 ta fito ta faɗa ma duniya yadda aka matsa mata ta rage nauyi har al'adarta ta ɗauke shekara 3 ta karye sau 5, gudun da ake son ta ƙara ma ya lalace. Bana so ki bi wannan hanyar.

Ki dakatar da gudu daga yau har likita ya duba ƙafar nan. Ki je asibiti ki ce musu wata 4 kenan, duk abin da ya kai wata 3 ya isa a gani likita, ki nemi a duba jininki har da sinadarin ƙarfe don masu gudu mata suna yawan ƙarancinsa. Abincin dare ya dawo, ki ci wani abu kafin tirenin ko kunun gyaɗa ne da burodi, ki ci bayan kin gama kar ki wuce awa 1, nono da wake da zogale da hanta in an samu, shayi kuma ki raba shi da lokacin cin abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, lemun zaƙi ko tumatir su ke taimakawa. Kuma dan Allah ki gaya ma Mama yau, uwa ce, ita zata raka ki asibitin. In bakinki yayi nauyi ki miƙa mata wannan shafin ta karanta. Shi kuma mai koya muku, in yana karanta mu, yarinya 'yar shekara 19 mai tirenin sau 2 a rana ba a ce mata ta rage ci, amanar iyayenta ce a hannunka.

TAMBAYA: Malam Koci barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Abuja shekarata 52, ina tuƙa keke daga Gwarinpa in zaga tafkin Jabi in dawo, ƙarshen sati kuma mukan yi awa 3 da abokai. Ina azumin Litinin da Alhamis. Naji ance fita da safe ba a ci komai ba ya fi ƙona kitse, gaskiya ne? Ina shan maganin suga.

AMSA: Barka kadai Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Layinku na ƙarshe shi ne kan gaba. Wasu magungunan suga, musamman allurar insulin da wasu ƙwayoyin, suna iya faɗar da suga ƙasa sosai in an haɗa da motsa jiki ciki ba komai, kuma a kan keke a titin Abuja wannan ba ƙaramin haɗari bane. Ku zauna da likitanku ku gaya masa irin tuƙin da kuke yi da azumin kafin ku canza komai, ku riƙa auna suga kafin fita, dabino ko alawa kar su bar aljihu.

Ga mai lafiya kuwa amsar ita ce eh a lokacin tuƙin jiki ya fi taɓa kitse, amma in aka haɗa lissafin wuni duka bambancin ragewar nauyi ba wani abin kirki bane, jimillar abin da aka ci ita ke hukunci. Fita a hankali ƙasa da awa 1 ba laifi, na awa 3 kuwa sai da karin kumallo da guzuri. Ranar azumi ku maida ita ranar hutu ko ku ɗan zaga kaɗan dab da magariba yadda kuna sauka ana kiran sallah, a watan Ramadan ma haka, tuƙi mai nauyi a barshi sai bayan tarawi, balle in azumin ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu.

TAMBAYA: Koci wannan jel ɗin da 'yan gudu suke tsotsa a hanya na tambaya a Abuja kuɗinsa ya fi ƙarfina, dole ne sai da shi? Kuma in ina son ramewa ba gara in bar shan suga a hanya ba?

AMSA: Ba dole bane ɗan'uwa, suga ne da ɗan gishiri aka zuba a leda. Gudun da bai kai awa 1 ba ruwa ya isa. In ya haura haka ana son giram 30 zuwa 60 na suga duk awa, kuma wannan ba wurin tsumulmula bane, abin da ka sha a hanya ƙonewa yake nan take, wanda ya hana kansa shi ne zaka ga ya dawo gida a galabaice ya share tukunya. Ayaba 1 kamar giram 25 ce, zuma cokali 1 giram 17, dabino irin namu ƙanana guda 5 ko 6 zasu baka wajen 30, mazarƙwaila ma tana yi. Abin sha kuma lita 1 na ruwa, suga cokalin cin abinci 5, gishiri kwatan ƙaramin cokali, ka matse lemun tsami a ciki. Ka fara tun minti 40 na farko kaɗan-kaɗan kar ka jira sai ƙafa tayi nauyi. Duk wanda ka zaɓa ka gwada shi a dogon gudun ƙarshen sati sau da yawa tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya, wani cikinsa baya karɓar dabino yana gudu wani kuma zuma ce ke tada masa zuciya. Ka cire ƙwallon dabinon tun a gida ka ƙulle a 'yar leda ka soke a ƙugu.